Fitilar Bakin Kasuwa da Ƙafar Atika

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Wagga takarda ta taso daga hannun ƙanenka Arzika mai fata, a birnin Sakkwato, za ta wurin wana kuma madadin ubana, Yaya Haruna, a zangon Kumasi. Na rubuta ta ranar Talata, biyar ga watan azumin tsofaffi, shekara ta dubu da ɗari uku da hamsin da biyu.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, irin ta wanda ya shekara huɗu bai sa ɗan'uwansa a ido ba. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da duk mai cin tuwo a gidanka. Allah ya tsare ka da zazzaɓin wancan gari mai ruwa, ya sa albarka cikin fataucinka, ya maido mana da kai da ƙafarka. Huhun goron da ka aiko ta hannun ayarin su Dodo ya iso lafiya, bai bushe ba, an kuma raba yadda ka ce. Sai dai ka ji tsoron Allah, Yaya. Takardar da ke tare da shi layi biyar ce, uku daga ciki zancen goro ne. Na karanta wa Inna, ta ce in sake, na sake, sai ta tambaya ko iyakarta ke nan. Dole na ƙara mata layi biyu daga kaina, na ce ka ce kana mafarkinta kullum. Allah ya gafarta mini, kai kuma ya shirye ka.

Inna dai tana nan, amma jiki ya ƙi. Ƙafafu sun kumbura, ba ta fita ɗaki sai an kama ta. Hankalinta garau, bakinta ma garau, ni ne shaida. Ba ta cin wani abin kirki sai kunun tsamiya, shi ma sai in ƙanwarmu Atika ce ta dama da hannunta, ta riƙe mata ludayi. Matata Uwani ta dama, ta ce ya yi ruwa. Ta sake damawa, ta ce wanga ai gini za a yi da shi. Uwani ba ta jin haushi, ta san ba kunun ake nema ba. Gonarmu ta Dundaye ta yi kyau bana, gero ya cika rumbu har mun ari na maƙwabci. Kasuwar fata kuwa kada ka tambaya. Fatar jar akuya da muke alfahari da ita, yau Turawan kanti suna juya ta suna yamutsa fuska, su taya rabin kuɗinta na da. Muna dai fita don kada a ce mun zauna.

Abin da ya sa na zauna ina ƙarar da tawada har haka shi ne zancen fitilar bakin kasuwa da ƙafar Atika. Na san halin 'yan ayari, kafin su sauke kaya sun sauke labari, kuma nasu da gishiri yake zuwa. Gara ka ji daga bakina. Bara, cikin wata guda, anka fasa rumfuna uku a layinmu. Ba a gama jajen wannan ba, Ladan mai hatsi, wanda rumfarsa ke kallon tawa, ya fito zuwa sallar asuba ya yi kiciɓis da ɓarayi suna jan buhunansa, sunka rotsa masa kai da taɓarya. Allah ya yi da sauran kwanansa. Ga kura kuma, ta saba da mahauta har ta fara leƙa gidajen mutane. Ni kuwa na taɓa kai fata tashar jirgin ƙasa a Gusau, na ga wata irin fitila da ke maida dare kamar hantsi. Tun da na dawo ban bar kowa ya huta ba. Ka san bakina in ya kama abu. Na dami mai unguwa, na dami 'yan kasuwa, har na rantse cikin taro cewa ko rawanina zan sayar sai an kafa ta. A ƙarshe hukuma ta yarda ta kafa sanduna ta ba da fitilu uku, mu kuma masu rumfuna mu ciyar da su kananzir, kowace rumfa taro, wato kwabo uku, a wata, har da ladan mai kunnawa.

Kada ka ɗauka fitilar ƙwai ce irin wadda ka sani. Wagga famfo ake yi mata, ta yi ta huci, haskenta fari fat, in allura ta faɗi ƙasa sai ka tsince ta. Anka kafa ɗaya a bakin lungunmu inda ya haɗu da babbar hanya, ɗaya kusa da masallaci daidai ƙofar gidan Malam Yari, surukin Atika, uban mijinta, ɗaya kuma can wajen mahauta. Bayan Babbar Salla da kwana uku anka kunna. Kai, Yaya, da ka ga mutane! Har daga bayan ganuwa anka zo kallo. Kafin mako ya zagayo duk maza sun kwashe tabarminsu daga zauruka sun dawo gindin fitila. Masu ɗinkin hula suna ɗinki, malamai suna duba littafi, 'yan dara suna musu, mai tsire ya matso da tukubarsa. Tsofaffi suna dawowa daga lisha ba mai tuntuɓe. Sata kuwa ta ɗauke ɗif. Sai mutane sunka fara kiranta fitilar Arzika, ni ko ina cewa haba, ai ta kowa ce, alhali raina fes. Ba na ɓoye maka, rawanina ya ƙara faɗi a kwanakin nan, kuma ban ƙara cin tuwon dare a cikin gida ba, can ake kai mini.

Akwai abin da na lura da shi, kuma wautata ta sa na lissafa shi cikin alherin fitila. Da, in magariba ta wuce, za ka riƙa jin takalma suna wucewa cikin duhu, biyu-biyu, uku-uku, har bayan lisha. Da fitila ta zo sai hanya ta yi tsit, ba mai ratsawa sai maza da 'yan tsofaffin mata masu talla. Ni da bakina na ce wa Malam Yari ya duba yadda haske ya kori masu yawon dare, shi ma ya gyaɗa kai ya ce gari ya shiryu. Mu duka biyu da furfurarmu, ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa takalman su wa ke wucewa.

Ana nan damina ta faɗi. Wata ranar Alhamis na dawo daga hira na tarar da mai ɗori a gidanmu, Atika kwance a ɗakin Inna, ƙafarta ta hagu ta karye daga idon sawu. Anka ce mini ta zo duba Inna ne, santsi ya kwashe ta a dokin ƙofar zaurenmu. Na yi salati, na yi faɗa, na zagi dokin ƙofa da wanda ya gina shi, ashe ma mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Da safe na kira magini ya rushe shi ya sake wani gajere, ina tsaye a kansa ina ba da umurni. Mijin Atika ya zo, mutumin kirki ne ka san shi, ya yarda ta zauna wurinmu har ɗorin ya kama. Inna ta yi ta kuka, amma wallahi a kwanakin nan ta fi cin abinci, har ta yi ɗan kumatu. Ni dai na ga Uwani ta canza mini. In na yi zancen fitila sai ta tashi ta ba ni wuri, na ɗauka gajiyar jinya ce.

Bayan kamar mako uku na shigo gida da murnata, na ce wa Uwani an sa ranar taro a zauren mai unguwa, za a ƙaro fitilu huɗu, ɗaya ma a lungun marina za a kafa ta, daga nan ba sauran wani duhu tsakanin unguwarmu da ta su Malam Yari. Ban rufe baki ba ta ajiye akushin da ke hannunta, ta shiga ɗaki, ta fito da wani zane ta jefa a gabana. Zanen Atika ne, na san shi, ni na saya mata. Daga ƙasa har ƙirji ya rine da baba, shuɗi har ya yi baƙi. Ta tambaye ni ko dokin ƙofarmu rini yake yi. Shekara goma sha tara muna tare, Yaya, ban taɓa ganin Uwani ta yi mini irin wannan ba. Ta ce Atika ta sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, amma gara ta yi kaffara da ta zuba ido in ƙarasa kashe ƙanwata da fitila.

Ga abin da ta faɗa mini, kuma abu ne da ni da kai munka tashi cikinsa, sai dai ba mu taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Matan aure ba su fita da rana. Duk zumuncinsu, barka da dubiya da gaisuwar mutuwa da leƙa iyaye, tsakanin magariba da bayan lisha suke yinsa, da izinin mazansu, su yafa mayafi su bi duhu. Maza na zaune a ƙofar gida, su ji wucewa, su sassauta murya, ba mai ɗaga kai. Ko ka gane tafiyar wadda ta wuce, ba ka gane ba. Ita ma ba sai ta tsaya ta tuɓe takalmi ta durƙusa wa kowa ba, don a ƙa'ida ba wanda ya gan ta. To, mu kuma sai munka kawo hasken da ba ya barin mutum ya yi kamar bai gani ba, munka jera tabarmi hagu da dama, munka zauna. Ka faɗa mini yadda Atika za ta ratsa nan, ga uban mijinta zaune, ga yayyen mijinta, ga ni kaina, ga 'yan dara masu ido kamar na mazuru, gobe kasuwa ta ɗauka cewa matar wane ta wuce da zane kaza. Uwani ta ce ba Atika kaɗai ba, matan unguwa biyu munka raba. Ita kanta rabonta da gidan iyayenta tun daren da anka kunna, an yi haihuwa a can ba ta je barka ba, ni kuwa ban ko lura ba.

Kwana talatin da wani abu Atika ba ta taka gidanmu ba. Inna kuwa, ka san ta, sai dai ta juya fuska bango ta ce ba ta jin yunwa. A zuciyarta ta ɗauka ɗiyarta ta gaji da ita ne. Da labari ya kai wa Atika cewa Inna ta kwana biyu ba ta sa komai a baki ba, sai ta samu Gwaggo Zainaba, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, ta raka ta. Sunka zaga ta can ƙasa inda haske bai kai ba, sunka tsallaka, sunka biyo ta bayan marina. Sau shida suna yin haka lafiya. Na bakwai an yi ruwa, akwai wata tsohuwar rijiyar rini da anka daina aiki da ita, ba marfi, ta cika da ruwa da guntun baba. Nan Atika ta zurma har ƙirji, ƙafa ta karye. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba ta yi ihu ba. Muna nan gindin fitila, in ta ɗaga murya za mu ji, amma ta cije, don in ta yi ihu mu ne za mu zo. Tsohuwar nan ce ta miƙa mata mayafi ta yi ta ja har Allah ya fid da ita, ta jingina da ita har gida. A daidai wannan lokaci ina can ina cin tsire ina ba da labarin Gusau.

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro, don da rijiyar ta ƙara zurfin kamu biyu da takardar ta'aziyya kake karantawa. Kwana huɗu kafin taro ina juya abin a raina. Kada ka ga kamar mai sauƙi ne. Fitilar nan ba ƙarya ba ce. Tabon da ke kan Ladan gaskiya ne, rumfunan da anka fasa gaskiya ne, tsofaffin da sunka daina faɗuwa su ma mutane ne. In na ce a tumɓuke ta, gobe a rotsa kan wani, ni na jawo. In na yi shiru anka ƙaro huɗu, na rufe wa Atika hanya ta ƙarshe, ita da Inna sai dai su riƙa aika wa juna gaisuwa suna gari ɗaya, kuma na san ƙanwata, wata hanyar za ta nema wadda ta fi ta marina muni. Mafi sauƙi shi ne in tashi cikin taro in faɗi gaskiya, amma ina! Wa ya taɓa ɗauko zancen fitar matan aure ya baje a zauren mai unguwa? Da na buɗe baki kowa zai tuna ƙafar Atika, ya haɗa biyu da biyu. Na tona ta ke nan a gaban uban mijinta, na kunyata mijinta, na kuma nuna Uwani ta karya rantsuwa. Wani ma cewa zai yi to su zauna gida mana, daga nan a hana su fitar gaba ɗaya.

Ranar taro zaure ya cika. Anka kawo lissafi, in an ƙaro huɗu taron kowace rumfa zai koma sisi. Kowa ya juyo yana kallona, ana jira uban fitila ya sa albarka. Na miƙe na ce ni ban yarda ba. Na ce kasuwar fata ta mutu, ba ni da sisin da zan riƙa ƙonawa duk wata. Na ce ko ukun da muke da su ma ɓarna muke yi, muna kunna su tun magariba lokacin da hanya ke cike da mutane, alhali ba ɓarawon da ke fasa rumfa a gaban jama'a. Ɓarawo sai ƙafa ta ɗauke yake fitowa. To, a bari sai ƙafa ta ɗauke a kunna, ta kai asuba, mun tsare dukiyarmu da masu zuwa masallaci, mun kuma rage rabin kananzir. Wanda ke son hira ko ɗinki da yamma ya kawo 'yar aci-balbal ɗinsa kamar yadda ubansa ya yi. Sai zaure ya ɗauka gaba ɗaya. Malam Yari ya ce ba ni ne na rantse zan sayar da rawani ba, ga shi kuwa yana ganinsa a kaina. Ya ce in kuɗin ne ya gagare ni, shi zai riƙa biya mini saboda zumunci. Anka yi dariya har da masu riƙe ciki. Yaya, na so ƙasa ta tsage. Ladan bai yi dariya ba, ya cire hularsa kawai ya nuna mini tabon, wannan ya fi dariyar zafi.

Na haɗiye, na ce wa Malam Yari na gode, amma in ya biya mini, wa zai biya wa mai igiya da mai kayan miya? Ashe na taɓo wurin da ke ciwo ban sani ba. Ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda tun farko taron nan ke cizonsu sunka yi shiru don kunyar manya, sai ga su suna tashi ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce akwai watan da ya sayar da akuyarsa. Wani ya ce shi bai taɓa zama gindin fitilar ba, da magariba yake komawa ƙauye. Wannan ma wata kunyar ce, don ban taɓa tambayarsu ba sa'ad da nake cika baki. Mai unguwa ya saurari kowa, ya ce magana ta rabu, amma masu ƙin ƙari sun fi yawa. Ya yanke cewa ba za a ƙaro ba, kuma a gwada kunnawa bayan ƙafa ta ɗauke har zuwa girbi, in sata ta dawo a sake zama. Na roƙi sarkin marina a gefe ya sa a cike tsohuwar rijiyar nan, na ce jakina ya kusa faɗawa. An cike ta.

Girbi ya zo ya wuce, ba a fasa rumfar kowa ba, alhamdu lillahi, don haka an bar abin yadda yake. Amma kada in yi maka ƙaryar cewa ban biya ba, ko ba wanda ya cutu. Mai kunnawa ya ce shi ba ya tashi tsakar dare a kan tsohon lada, saboda haka ta bakin lungunmu ni ke tashi in yi mata famfo, har ta taɓa lashe mini gefen gemu. Mai tsire ya yi asarar cinikinsa ya koma wani wuri, in mun haɗu sai ya tofar da yawu. Masu ɗinkin hula suna ƙorafin idanunsu. Wani tsoho kunama ta harbe shi yana dawowa daga lisha, na je dubiya ya ce da akwai fitila da ya gan ta, kuma gaskiyarsa. Ladan yana amsa gaisuwata da ka kawai. Sunan fitilar Arzika ya mutu, yanzu Arzika taro ake ce mini, har mahauta in na taya nama sai su ce a rage wa mai kananzir. Wani lokaci abin yana ci mini rai sosai, in ji kamar in tsaya tsakiyar kasuwa in faɗi dalili. Sai in tuna zanen nan in yi shiru.

Atika ta warke ta koma ɗakinta tun watan jiya, sai dai ƙafar ba ta koma daidai ba, tana ɗan ja, mai ɗori ya ce haka za ta zauna. Mun koma zaman ƙofar gida da 'yar fitilar mai, wadda ba ta haska komai sai gwiwar mai ita. Takalma kuma sun dawo. Ranar farko da na ji su na ƙirga har goma sha ɗaya kafin lisha. Shekaranjiya ina zaune kusa da Malam Yari, yana cikin ba ni labarin rowata kamar yadda ya saba, sai na ji wata tafiya ta taso daga wajen gidansa, taku ɗaya sosai, ɗaya ana ja. Shi dai ya sassauta murya kamar yadda ake yi, ya ci gaba da zancensa yana kallon tabarma. Ni ma na sunkuyar da kai har ta tsallaka ta shiga lungunmu. Hawaye ya zubo mini, na gode Allah da ba hasken da zai nuna shi. Da na shiga gida na tarar da ƙwaryar kunu a ƙofar ɗakin Inna an sharce ta tas.

Duk wanga bayani kai kaɗai na yi wa, bayan Uwani ba mai saninsa, don haka in ka karanta ka adana bakinka, ko matarka Kaltume kada ka faɗa wa. In kuma Allah ya hore maka, ka biyo ayarin rani ka zo. Ba na so in tsorata ka, amma Inna ba ta shekara huɗu nan gaba, kuma ni na gaji da ƙirƙiro mata mafarkinka. Ka gaishe mini da Kaltume da kyau, ka gaishe da 'ya'yanka Binta da Mariyatu, ka ce babansu ƙarami yana ajiye musu da jakunkunan fata masu ado. Ka gaishe da mai masaukinka da duk Sakkwatawan zango. Inna tana sa maka albarka. Uwani tana gaishe ka, ta gama azumin kaffararta. Gwaggo Zainaba ma ta ce a gaishe ka, na kai mata turmin zane ban ce mata na mene ne ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Atika tana gaishe ka gaisuwa ta musamman. Jiya da ta ji ina rubutu ta sa Uwani ta kira ni ɗakin Inna, ta ce akwai saƙon da take so in sa maka, kada in rage ko harafi. Ta ce in gaya maka ƙafarta ta yi sauƙi, dokin ƙofa ne ya kayar da ita, an kuwa gyara shi. Sannan ta ce, tun da kai ne babba, ka yi wa Arzika faɗa, ya tashi cikin taron maza ya yi kukan taro har ana yi da mu a gari, ita yanzu kunyar haɗa ido da dangin mijinta take yi, mahaifinmu bai haifi marowaci ba. Na ce mata to, zan rubuta. Ga shi na rubuta, ban rage ko harafi ba. In ka tashi amsawa ka yi mini faɗan sosai, Yaya, don ni zan karanta mata.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Aminci ya tabbata gare ka.

Ƙanenka,
Arzika mai fata, Sakkwato.